Kabarin Inna da Titin da Ya Kauce

Duk wanda yake shigowa Abuja ta wajenmu ya san titin nan. Yana tasowa daga inda mutanen Mararaba suke cincirindon neman mota da safe, ya gangara ya haye gada, ya ratsa tsakanin duwatsu biyu da aka fasa dominsa, sannan ya miƙe ɗoɗar har ya kusa shiga gari. To kafin ya shiga ɗin, akwai wani wuri da yake ɗan lanƙwasawa hagu haka kawai. Babu dutse a wurin, babu rafi, babu abin da zai sa titi ya kauce. Direbobi su rage gudu su yi tsaki. Na sha jin ana cewa a cikin mota wai injiniyan da ya zana shi a buge yake ran nan. Ni dai sai in juya in kalli waje. Na san dalili, don uwata ce kwance a ƙarƙashin wurin.

Ku da kuka buɗe ido kuka tarar da fitilu da gadoji, in na ce muku a nan na yi kiwon awaki sai ku ce tsufa ya fara taɓa ni. Wallahi daji ne. Wani ƙauyen Gbagyi ne a gindin dutse, mu kuma Hausawa muna da ɗan zango a gefensa, gida bai fi goma ba. Babana daga ƙasar Zazzau ya zo fataucin gishiri da kanwa, ya ga doya, ya ga zaman lafiya, ya sauke kaya bai ƙara ɗauka ba. Abin da yake tashinmu da safe shi ne luguden matan ƙauyen daga ƙetaren rafi, da kukan fakara a cikin ciyawa, da tarin ladaninmu, wanda sai ya yi kaki sau uku kafin ya fara kiran salla. Aikina in kai awaki bakin dutse, in kori birai daga masara, in cika wa Inna randa. Matan Gbagyi su wuce a jere da itace a kafaɗa, don su ba sa ɗora kaya a ka, mu gaisa rabi da Hausa rabi da harshensu, kowa ya gane ɗan'uwansa. Yanzu kuwa na fi shekara goma a gida ɗaya a Mararaba, amma mutumin da ƙofarsa take kallon tawa ko sunansa ban sani ba.

Inna daddawa take yi. Akwai wata babbar ɗorawa a hagun zango, ita take ba ta kalwa. Ta dafa, ta surfa, ta wanke a rafi, ta rufe da ganye, bayan kwana uku warin ya cika gida, Baba ya yi ta mita yana cewa za a kore mu daga gari, amma in aka sa a miya shi ne mai neman ƙari. Ni kuma tun ina ƙarami zuciya gare ni. Abu kaɗan sai in kumbura in koma bayan ɗaki in ce ba zan ci abinci ba. Ba ta taɓa lallashina ba. Sai dai ta kawo kwano ta dire a gabana ta ce, “Ci tukuna. Fushin ba inda za shi, zai jira ka.” Kuma wallahi in na ci na ƙoshi, sai in neme shi in rasa. Ɗan gaba kaɗan da ɗorawar nan, a cikin inuwarta ta yamma, nan muke binne mutanenmu.

Danga ɗaya ce ta raba gidanmu da na wani mutum da nake kira Kawu. Ba mu haɗa jini ba. Daga ƙasar Katsina yake, ya yi dako a bakin ruwa a Ikko, ya taho da ɗan Turancinsa da akwatin ƙarfe ɗaya. Baba ne ya roƙa masa fili wurin sarkin ƙauye, Baba ne ya taya shi ɗora jinka. Kwano ɗaya suke ci da rana, kwano ɗaya da yamma. Matarsa, wadda nake kira Iya, ita da Inna ko kitso ba sa bari wata ta yi musu. Da zazzaɓi ya kayar da Inna cikin wata damina, kwana uku kacal ta yi, Iya ce ta rufe mata ido, ita ta yi mata wanka. Lokacin gemu ya fara tsiro mini. Baba ya tsaya daga nesa a maƙabarta, kansa a ƙasa, don a wurinmu namiji ba ya nuna mutuwar matarsa ta taɓa shi. Ni da Kawu muka shiga ramin muka karɓe ta, ni ta wajen kai shi ta wajen ƙafa. Aka jera itace, aka toshe da ganye da laka, aka mai da ƙasa, na kafa tsingaron tukunyar daddawarta a daidai kanta. Ku riƙe wannan da kyau: da hannunsa ya kwantar da ita.

Damina biyu bayan haka rediyo ta fara cewa za a ɗauko kujerar mulkin ƙasa daga Ikko a kawo ta nan. Muka yi dariya har da riƙe ciki. Nan ɗin? Wurin birai? Sai ga motoci sun ɓullo ta cikin ciyawa, da wani Bature mai jan wuya, da madubin awo mai ƙafa uku. Suna tafe suna kafa turaku masu jan ƙyalle. Su kafa da safe, kafin la'asar mata sun tuge sun ɗaure awaki, don a ganinmu turke mai kyau haka ba a barinsa a daji. Da abin ya ishe su suka nemi wanda zai yi mana bayani, kuma duk zangon Kawu kaɗai ke jin Turanci. Suka ɗauke shi, shi ne tafinta, shi ne mai jan igiyar awo. Ya sami takalmin roba da hula, ya kwaɓe jinkar gidansa ya sa kwano, na farko a zangonmu. Mun taya shi murna, wallahi mun taya shi.

Shi ya kawo mana saƙon Baturen. Ya ce babban titi zai bi ta nan, duk gidan da ya faɗa cikin layi zai tashi, amma kabari daban ne. In aka nuna musu maƙabarta za su yi ƙoƙari su kauce mata, in ba hali kuma su ba da lokaci a kwashe mutane a sake musu makwanci. Ni na bi turakun nan da ƙafata na gani. Layin ya miƙe ne ta kan sabon kwanon Kawu da gonar doyarsa ta bayan gida. Ɗorawa tana can hagu, ba ruwanta. Duk da haka hankalina bai kwanta ba, don damina biyu ta riga ta shafe tudun kabarin, ciyawa ta rufe, baƙo ba zai taɓa cewa akwai mutane a wurin ba. Na ce wa Baba mu zagaye shi da bulo, yadda maƙwabtanmu Kirista suke yi wa nasu. Ya ce ba a gini a kan kabari, kada in ƙara. Na ce to ya je da kansa ya nuna wa Baturen.

Ya dube ni kamar na zage shi. “Ni? In tsaya gaban mutane in ce ga kabarin matata? A ce me ya same ni?”

Mutumin da har ta mutu bai taɓa kiran sunanta ba, sai dai ya ce “uwar yaron nan”. Kunya ce, irin tamu, wadda muke alfahari da ita. Da yamma suna cin tuwo ya ce wa Kawu, ba tare da ya ɗago ba, “In kun zo wajen ɗorawar nan, ka yi musu bayani.” Kawu ya ajiye loma ya ce, “Haba Yaya, sai ka faɗa? Matar da na shekara nawa ina cin tuwonta?” Sauran masu gida na zango ma haka suka yi, kowa ya bar maganar mamatansa a bakin Kawu ya koma harkarsa.

Ana nan Baba ya aike ni Uke da gishiri da kanwa. Tafiyar kwana huɗu ce da dawowa, amma ruwa ya cika wani kogi ya tsare ni, sai da na kwana tara. Tun daga nesa na jiyo rugugi, ƙasa tana rawa a tafin ƙafata. Na hau ɗan tudun da nake hango ɗorawa daga kansa kullum in na dawo daga tafiya. Babu ɗorawa. Jar ƙasa ce shimfiɗe, mai faɗi, tifa tana juyewa katafila tana bajewa. Wurin kwari ne, saboda haka ba tono suka yi ba, ciko suka yi, sun tula ƙasa ta fi tsayin mutum. Sun tuge itacen da saiwarsa, sun karkatar da rafi sun cusa shi cikin kwalbati. Na yi gudu na hau kan jar ƙasar nan ina juyawa gabas da yamma, ina neman ko alama ɗaya da zan ce daga nan zuwa nan. Ban samu ba. Gidanmu da rabin zango sun tafi. Kwanon Kawu kuwa yana tsaye a dama yana ƙyalli.

Na tarar da Baba zaune a kan buhun kayanmu. Ya ce ranar kasuwa suka fara, da ya ji ya ruga yana ɗaga hannu, Kawu ya riƙe shi ya ce wallahi ya faɗa musu sun ƙi ji, aikin gwamnati ne. Baba ya yarda. Ni ma da na yarda, ba don wata tsohuwa mai ginin tukwane ta tsayar da ni a hanyar rafi ba. Ta ce, “Ɗan mai daddawa, me Kawunka yake yi da fasassun tukwane? Ya zo ya kwashe nawa kaf.” Na zagaya bayan gidansa na leƙa ta danga. Kun san yadda ake tara ƙasa a shuka doya. To ya bi tarin nan ya ja su sun yi tsawo, ya jera su suna fuskantar gabas, ya kafa wa kowanne tsingaro a ka, sai ka rantse kaburbura ne. Ɗan tsohuwar yana lebura a wurin, shi ya ƙarasa mini. Ya ce da aka kawo Baturen gaban doyar nan sai ya cire hularsa, ya zana wani abu a takarda, aka matsar da turaku hagu. Da suka iso gindin ɗorawa Baturen ya nuna ciyawar ya yi tambaya. Kawu ya ce, “Gona ce.”

Adda na ɗauka. Ba zan ɓoye muku ba, niyyar kisa na yi. Na tura ƙyauren gidansa, sai na ci karo da Iya a tsakar gida, idonta ya kumbura. Ta dubi addar, ta dube ni, ta juya ta ɗauko kwanon tuwo ta tsaya tsakanina da ƙofar ɗakinsa. Ta ce, “Ci tukuna.” Da muryar Inna ta faɗa, ko kuwa kunnena ne ya ji haka. Na sauke addar. Ban ci ba, amma ban wuce ta ba. Na ɗaga murya yadda zai ji daga ciki na ce, “Allah ya isa tsakanina da kai. Gidan nan da ka sayar da uwata dominsa, in ina da rai sai na ga bayansa.” Bai fito ba.

Zango ya watse. Mu muka faɗa Dutse Alhaji, ɗaki ɗaya na haya. Baba bai ƙara kasuwanci ba, bai kuma ƙara ambaton maganar ba, sai sau ɗaya. Yana kwance cikin ciwon da bai tashi ba, ina shafa masa man zafi a ƙafa, sai na ji ya ce, “Da na je.” Shi ke nan abin da ya faɗa. Na san inda yake nufi.

Na shiga kamfanin hanya ina lebura. Mutane suka ce dubi wannan, ya koma wurin waɗanda suka binne uwarsa. Ba su san abin da nake nema ba. Na yi ta manne wa wani direban katafila, ina wanke masa ita, ina sa mata giris, ina saya masa goro, har ya fara bari in taɓa. A shekara ta biyar na hau tawa. Birnin nan da kuke gani, da ni aka share shi. Na ga ranar da manyan motoci suka fara shigowa da teburan ofis da akwatunan takardu daga Ikko, ma'aikata suna saukowa suna toshe hanci suna cewa an kawo su ƙauye. Na ture gidaje ba adadi, wasu masu su suna kuka, kuma Allah ya gafarta mini, ban cika jin kukan ba. Duk bangon da na sa wa baki, bangon Kawu nake gani.

Shi kuwa titi ya zame masa arziki. Gidansa ya dawo bakin hanya, ya fitar da shaguna, ya je Makka ya dawo da haƙorin zinariya. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne bai ɓoye ba. A majalisarsa yake ba da labarin a matsayin wayo, wai shi ne ya yi wa doya jana'iza Bature ya cire hula. A yi ta shewa ana tafawa. Rabin labarin kawai yake faɗa, ba ya kaiwa gindin ɗorawa. Da Iya ta rasu na je, na tsaya a sahun baya, ban gaisa da kowa ba. Tun da a takarda bayan gidansa maƙabarta ce, nan ya binne ta, a kusurwa, gindin wani mangwaro. Na matsa na zuba mata ƙasa da hannuna na tafi. Daga baya ya baje sauran tudun doyar ya ƙara shaguna a kai, kusurwar nan kaɗai ya bari.

Kwana ya yi ta tafiya, gari ya cika ya batse. Titin da muke ganin ya yi faɗin banza ya koma maƙogwaro, mutum ya fito daga Mararaba da asuba ya kai ofis rana ta take. Aka ce za a faɗaɗa shi, a ƙara hannu ta dama da hagu. Lokacin furfura ta cinye mini kai, gwiwa tana ciwo, ina shirin ajiye aiki. Sai na ji an fara shafa jan fenti a gidajen bakin hanya. Na hau mota na sauka a wurin lanƙwasar nan. Ga shi kuwa, gicciye ja ƙato a bangon Kawu, wani a kan shagunan. Na sa yatsa na taɓa, bai gama bushewa ba. Na tsaya ina dariya ni kaɗai a bakin titi kamar taɓaɓɓe. Washegari na je wurin oga na ce ban taɓa roƙonsa komai ba, yau ina roƙon ya ba ni wannan yankin.

Ranar da muka je, hantsi ya ɗaga, an riga an kwashe kaya daga shagunan. Mai kula da aikin wata yarinya ce injiniya 'yar Filato, mai hular kwano, ba ta da wasa. Na tayar da katafila na saita bakinta da katangar baya, wajen mangwaron. Sai ga wani tsoho ya fito yana dogara sanda, yana laluben hanya, ya zo ya tsaya a gabana ya ɗaga hannu. Yadda aka ce Baba ya ɗaga. Ya rame, idon ya yi fari-fari, amma haƙorin yana nan. Yana cewa, “Akwai kabari! Matata tana nan! Ku ba ni lokaci in ɗauke ta!” Mutanen unguwa da suka taru kallo suka fashe da dariya. Wani ya ce, “Alhaji, doyar ce har yanzu ba ta nuna ba?” Wani ya ce, “Wannan ba Bature ba ce, ba za ta cire hula ba!” Da bakinsa ya koya musu.

Injiniyar ta yafuto ni, na bar injin yana ruri na sauko. Ta ce, “Baba, sun ce kai ɗan wannan wuri ne. Wannan tsoho ya ce matanshi yana kwance a bayan gida. Ni na gaji, wannan sati mutum uku sun tara yashi sun ce kabari ne, mun duba babu komai. Gaya mini gaskiya. Akwai mutum a wurin, ko babu?”

Jama'a, shekara nawa ina jiran wannan tambayar ban san ina jiranta ba. Kalmomin nan biyu suka zo suka zauna a kan harshena, “Gona ce.” Na ji daɗinsu a bakina. Ba wanda zai ƙaryata ni, unguwa duka shaidata ce. Na tako na tsaya dab da shi na ce, “Kawu, ina kwana.”

Ya karkata kai. “Wane ne?”

“Ɗan matar da ka kama wa ƙafa muka sa a rami. Gindin ɗorawa.”

Ya ce, “Ɗana, don Allah, don Annabi. Iyarka ce fa a nan. Kai ka sani, an ce ka zo jana'izarta.”

Na ce, “Na sani. Kai ma ka sani ran nan.” Na ce masa abu biyu nake so kafin in buɗe baki. Na farko, ya ƙarasa wa mutanen nan labarin doyar, ya kai shi har ƙarshe. Ya juya ga jama'a, injin yana ruri a bayanmu. Sannan ya faɗa cewa akwai maƙabarta ta gaske a ƙarƙashin kwaltar can, shi ya ce gona ce don ya tsirar da kwanonsa. Dariya ta ɗauke ɗif. Wata mata ta ce, “Innalillahi.” Na ce na biyu, shi ya ja igiyar awo, shi ya san inda kowane turke ya tsaya. Ya nuna mini inda uwata take.

Ni na riƙe hannunsa muka shiga titi, leburori suna tsayar da motoci, direbobi suna zagi. Ya sa aka kai shi bakin tsohuwar kwalbati, ya dafa ta, ya juya ya fara taku yana ƙirgawa a hankali. Ya tsallake hannu ɗaya, ya hau dakalin da ya raba titin biyu, ya ɗan yi gaba, ya tsaya kusa da wani turken fitila. Ya buga sandarsa a ƙasa ya ce, “Nan ne. Kanta yana nan.” Na durƙusa na dafa simintin, da zafi kamar tanda. Ban yi kuka ranar da muka binne ta ba, ban yi ranar da na dawo daga Uke ba. Ran nan na yi, da furfurata, a tsakiyar titi, 'yan acaɓa suna kallo.

Da muka komo na ce wa injiniyar, “Akwai kabari. Guda ɗaya ne, gindin mangwaro. Da hannuna na zuba ƙasa.” Ta dube ni, ta dube shi, ta ce ta ba da kwana biyu. Aka kira malamai, aka tona, ni na shiga na ɗauko Iya, aka sa ta a sabon likkafani aka kai ta maƙabartar gari. A rana ta uku na dawo na hau katafila. Na fara da ɗakinsa, wanda ya ɓuya a ciki ranar adda. Kwanon ya yi ƙara ya naɗe, bango ya zauna. Kada wani ya ce muku ramuwa ba ta da daɗi. Na ji daɗi har cikin ƙashina, kuma ban bar bulo ɗaya a kan ɗan'uwansa ba. Yana zaune a kan kujera a ƙetaren hanya yana saurare. Da na kashe inji ya sa aka kawo shi, ya ce, “Ɗana, Allah ya yi maka albarka. Ka yafe mini.” Na ce, “Iya na yi wa, ba kai ba.”

Bai shekara ba ya mutu. Babban ɗansa ya nemo ni har Mararaba, ya durƙusa ya ce mahaifinsu ya bar wasiyya a nema masa gafarata. Na sa aka kawo masa ruwa da abinci, na ce ya ci tukuna. Da ya gama na ce ya je, ba ni da rigima da shi, amma maganar uban nasa tana nan inda take. Malamai sun yi mini wa'azi, 'ya'yana sun yi, na ji, kuma na san gaskiya suke faɗa. Inna ta ce fushi zai jira ni in na ci. Wannan dai ya jira, na ci na ƙoshi shekara da shekaru, na waiwaya na same shi zaune.

Yanzu titin ya yi faɗin da sai mutum ya yi shahada kafin ya tsallaka, amma lanƙwasar tana nan, ba su iya miƙar da ita ba. Kowace Juma'a in an sauko daga masallaci nakan je, in jira motoci su tsagaita, in ja gwiwata in hau dakalin nan, in tsaya jikin turken fitilar in yi mata sallama da addu'a. Masu share titi sun saba da ni, suna ce mini Baba mai fitila. Sai dai akwai abin da yake cina, ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau. Mutumin nan idonsa ya riga ya tafi ranar da ya yi takun nan. Katafilata tana ruri a kan matarsa, dole ya buga sanda a wani wuri. Kuma na san shi, ya taɓa nuna wa mutum wuri ya ce nan ne.

In gaskiya ya faɗa, Inna tana jin sallamata duk mako. In kuwa ƙarya ya ƙara yi mini, to ya jira ni a can, ban yi nisa ba. Wannan karon ba zan aiki kowa ya yi bayani a madadina ba, da kaina zan je.